Rufe Masaƙun Kaduna da Makomar Ma'aikatansu

Rasa aikin albashi, a ma'anar da aka san shi yau, wato magidanci ya wayi gari ba shi da wurin da zai nufa da safe kuma ba shi da abin da zai karɓa a ƙarshen wata, baƙon al'amari ne a tarihin ƙasar Hausa, domin bai girmi zuwan Turawan mulkin mallaka da layin dogo da ofisoshin gwamnati ba. Kafin wannan zamani sana'ar tufafi, wadda ita ce mafi girma a cikin sana'o'in hannu na Kano da Zariya da Katsina, tana tafiya ne a cikin gida tare da noma: mata su gurje auduga su kaɗa zare, masaƙa su kafa masaƙarsu idan an gama aikin gona, marina su tura su buga, fatake kuma su kwashi kayan zuwa Agadas da Borno da Gwanja. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya shaida cewa tufar Kano tana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda aikin yake warwatse a hannun iyalai maimakon a tattare a manyan masana'antu irin na Turai. Masaƙin wancan lokaci yana iya yin asara idan yaƙi ya toshe hanyar fatauci ko auduga ta yi tsada, amma babu mai iya sallamarsa, kuma faɗuwar kasuwa ba ta taɓa rumbunsa, saboda yana cikin gandu, wato tsarin da uba da 'ya'yansa maza ko 'yan'uwa suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya.

Turawan Ingila sun shigo da wata manufa dabam game da audugar Arewa. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, wadda masu masaƙun Manchester suka kafa a 1902, ta ɗauki Arewacin Nijeriya a matsayin gonar da za ta ciyar da injunan Lancashire, kuma bayan layin dogo ya isa Kano a 1911 sai aka kakkafa injunan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau, ana fitar da ɗanyar auduga ana shigo da yadi. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ita ce ta nemi juya wannan tsari a shekarun 1950, inda ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead & Sons na Lancashire aka gina masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, ta kuma fara aiki a 1957 da saƙa akoko, wato farin yadin da ba a wanke shi da sinadari ba balle a rina. An zaɓi Kaduna ne saboda ita ce hedikwatar Arewa tun 1917, tana da kogin da zai wadatar da ruwan da rini da wanki suke sha, tana kan mahaɗar jiragen ƙasa, sannan ba ta da nisa da yankin auduga na Zariya da kudancin Katsina. Cikin shekaru goma da suka biyo baya sai ga Nortex, ga Arewa Textiles da aka kafa da jarin Japanawa, ga kuma United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta attajirin Hong Kong Cha Chi Ming, wadda ta shahara da buga atamfa kuma ta zama mafi girma a cikinsu. Dukkansu sun taru ne a kudancin kogi, a Kakuri da Makera da kewayensu, inda masana'antar ƙera makamai ta soja ta zauna a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya biyo baya a 1975.

Abin da waɗannan masana'antu suka ƙirƙiro, ban da yadi, shi ne wani sabon irin mutum da ƙasar ba ta saba da shi ba, wato ma'aikacin da rayuwarsa duka ta rataya ga jiniyar kamfani da ranar biyan albashi. Injuna ba sa tsayawa, don haka aka raba yini zuwa kamu uku, na safe da na yamma da na dare, kuma wanda yake cikin wannan juyi ba shi da damar komawa gida da damina ya yi shuka kamar yadda ɗan cin rani yake yi. Cin rani, kamar yadda sunan ya nuna, ƙaura ce ta ɗan lokaci wadda take ƙarewa da saukar ruwan farko, kuma mai yin ta bai taɓa sakin gonarsa ba. Shi kuwa ma'aikacin masaƙa ya zo ne da niyyar zama. Da yawa daga cikin ma'aikatan Kakuri ba Hausawa ba ne, sun fito daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da ƙasar Igala da Ibira da wasu sassan Kudu, sai dai Hausa ce ta zama harshen da suke magana da shi a bakin inji da kasuwa da gidan haya. A kewayensu kuma aka sami wata rayuwa da ta ginu a kan albashinsu: masu gidajen haya a Nasarawa da Kurmin Gwari da Tirkaniya, mata masu sayar da abinci a ƙofar kamfani, masu kantin da suke ba da shinkafa da sabulu bashi a rubuta a littafi sai ƙarshen wata, teloli, direbobin bas, da dillalan da suke sarar yadi su kai Kantin Kwari a Kano. A 1978, lokacin da gwamnatin soja ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago ta mayar da su na masana'antu, aka sami ƙungiya guda ta ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, kuma Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982.

Korar jama'a daga aiki a lokaci guda ta fi shiga bakin 'yan Nijeriya ne a 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 nan take, lamarin da ya karya imanin da aka daɗe da shi cewa aikin gwamnati sai tsufa ko mutuwa. Masaƙu kuwa nasu ya zo ne bayan faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, kuɗin ƙasashen waje suka yi wuya, masana'antu suka kasa shigo da auduga da sinadaran rini da kayan gyaran inji. Abin takaici a nan shi ne, masaƙun da aka gina don su ci audugar gida sun riga sun koma dogaro da ta waje, domin noman auduga ya durƙushe a shekarun arzikin mai. A wannan lokaci ne ma'aikata suka san hutun dole, wato a rufe sashe a ce kowa ya zauna a gida har sai an sami kayan aiki, suka kuma san rabin albashi, wanda yunƙurin ɗora shi a kan ma'aikatan KTL ya jawo babbar zanga-zanga a farkon 1984. Dokar ƙwadago ta 1974 ta tanadi abubuwa uku idan za a rage ma'aikata: a sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara sallamar wanda ya zo daga baya kafin wanda ya daɗe muddin ƙwarewarsu ba ta bambanta ba, sannan mai kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke ko nawa ne kuɗin ba, saboda haka duk abin da ma'aikacin masaƙa ya samu a wannan fuska ya fito ne daga yarjejeniyar da ƙungiyarsa ta ƙulla da ƙungiyar masu masaƙu, kuma Gunilla Andrae da Björn Beckman, masu bincike daga Suwidin da suka wallafa littafi a kan ƙungiyar ma'aikatan a 1998, sun nuna cewa ta yi ƙarfin da ba kasafai ake samun irinsa ba a lokacin da masana'antar take raguwa.

Wannan ne ya sa kora ta shekarun 1980, duk da zafinta, ta kasance irin wadda ake iya farfaɗowa daga gare ta. Wanda aka rage yakan fita da takardar sallama a hannu, da albashin wata guda maimakon sanarwa idan ya kai shekara biyar yana aiki, da kuɗin rage ma'aikata, da kuma giratuti, wato dunƙulallen kuɗin da ake lissafawa bisa yawan shekarun da mutum ya yi da kuma albashinsa na ƙarshe. Kuɗin ba su da yawa, amma suna zuwa a dunƙule kuma a kan lokaci, kuma dunƙulallen kuɗi shi ne jari: ana sayen keken ɗinki ko injin niƙa ko fili a bayan gari, ko a ɗauki iyali a koma gida a sayi taki da shanun huɗa. Akwai ma ma'aikatan da suka riƙa ajiye aiki da kansu don su karɓi giratuti kafin hauhawar farashi ta cinye shi. Ban da haka, wanda KTL ta rage yana iya samun gurbi a wata masaƙar da ke maƙwabtaka da ita ko a masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, domin sana'ar da ya iya tana da sauran masu nema.

Dalilan da suka kashe masana'antar gaba ɗaya sanannu ne, kuma an sha jera su. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda aka fara a 1986, ya karya darajar naira, abin da ya ɗan taimaki manyan masaƙu na wani lokaci saboda atamfar Nijeriya ta yi araha a ƙasashen da ke kashe sefa, amma ya sa sabunta injuna ya gagari yawancinsu, sannan karya darajar sefar da rabi a Janairun 1994 ta rage wannan riba. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, kuma ko da gwamnatin Obasanjo ta maido da haramcin daga baya, atamfar Sin mai ɗauke da zanen da aka kwaikwaya daga na gida ta riga ta san hanya: a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, a hau da ita zuwa Maraɗi ko Birnin Ƙonni da sunan kayan wucewa, a tsallako da ita ta Jibiya ko Illela, ta faɗa Kantin Kwari. A cikin gida kuwa wutar lantarki ta NEPA ba ta tsayawa a lokacin, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu duk da cewa matatar mai tana nan Kaduna tun 1980. Ga KTL kuma akwai ƙarin ciwon da ya keɓanta da ita, domin bayan an rarraba tsohuwar Jihar Arewa ta zama mallakar jihohin Arewa baki ɗaya, waɗanda suka kai 19, kuma dukiyar da kowa yake da rabo a cikinta ba a cika samun wanda zai tsaya mata ba.

KTL ta tsaya a ƙarshen 2002, Nortex da wata masaƙa mai suna Finetex da Arewa Textiles suka bi sahu cikin 'yan shekarun da suka biyo, sannan a 2007 UNTL ta rufe masana'antarta ta Kaduna ta sallami ma'aikata kimanin 4,000. A nan ne ya kamata a bambance abubuwa biyu da bakin jama'a yake haɗawa, wato sallama da rufe ƙofa. Sallama tana da takarda da lissafi da ranar biya, kuma tana yanke alaƙa tsakanin ma'aikaci da kamfani ta yadda kowa zai san matsayinsa. Abin da ya sami ma'aikatan KTL da Arewa da Nortex da Finetex kuwa shi ne aka daina aiki alhali ana riƙe da haƙƙoƙinsu, wasu ma har da albashin watannin da suka riga suka yi wa aiki, ba a ba su jarin da za su fara wata rayuwa da shi ba, ba a kuma fito fili an ce musu su fid da rai ba. Duk wanda ya bi tarihin abin da ya biyo baya zai ga cewa wannan riƙewa ta fi rufe masana'antar kanta yi musu illa, domin masaƙu sun mutu a Lancashire da wasu wurare da dama ba tare da ma'aikatansu sun shiga irin wannan hali ba.

Wahalar takan zo ne daki-daki, kuma tsarin zuwanta kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Abin da yake fara yankewa shi ne bashin kanti, saboda mai kanti yana ba da kaya ne don ya san ranar albashi, kuma da zarar ranar ta gushe sai littafin ya rufe. Daga nan sai kuɗin haya, wanda a Kaduna ake biya na shekara ko na wata shida a dunƙule, don haka iyali sukan ci ragowar wa'adinsu sannan su koma ɗaki ɗaya a unguwa mai nisa, ko su zauna bisa haƙurin mai gida, wanda shi ma sau da yawa tsohon ma'aikaci ne da ya gina ɗakunan da giratutinsa yana sa ran su riƙe shi a tsufa. Asibitin kamfani, inda ake duba ma'aikaci da iyalinsa kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, ya rufe tare da masana'antar, kuma wannan ya faɗa ne a kan mutanen da suka shekara ashirin ko talatin suna shaƙar ƙurar auduga da jin ƙarar inji, da yawansu kuma suna shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari da ba a yanke shi. Yara ana cire su daga makarantar kuɗi zuwa ta gwamnati, kuɗin jarrabawar kammala sakandare ya gagara, a sayar da rediyo da firiji da keke, mata su fitar da kayan ɗakinsu. Hanyoyin taimakon juna da al'ada ta tanada su ma sun gaza, ba don zumunci ya ragu ba, sai don an gina su ne a kan cewa ba kowa ne zai faɗi a rana ɗaya ba. Adashi, wanda kowane ɗan zubi yake sa wani abu a ƙarshen wata ɗaya daga cikinsu ya kwashe, yana tafiya ne matuƙar masu zubin suna da abin zubawa. Idan dukkansu 'yan sashe ɗaya ne a masaƙa ɗaya, ranar da aka rufe ƙofa wanda bai riga ya kwasa ba ya yi asarar zubinsa. Haka nan ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da na coci da na masallaci, waɗanda suka saba tallafa wa mutum ɗaya ko biyu a shekara, suka wayi gari mabuƙata sun fi masu bayarwa yawa.

Neman wata sana'a ya zo da tasa matsalar. Mutumin da ya ƙware wajen lura da injin kaɗi ko ɗaura zaren da ya tsinke a injin saƙa yana da gwaninta ta gaske, amma gwaninta ce da ba ta da amfani a wajen ginin masaƙa, kuma babu sauran masaƙar da za ta ɗauke shi ko a Kaduna ko a Kano ko a Gusau. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne makanikai da masu gyaran wuta da masu walda da direbobi, domin aikinsu yana da kasuwa a gari. Sauran kuwa, musamman waɗanda suka haura shekara arba'in, sun rarrabu tsakanin gadi da leburancin gini da ƙananan saye da sayarwa da noma a filayen aro na bayan gari da bakin kogi. Acaba ita ce ta kwashi mafi yawan masu sauran ƙarfi, saboda zuwan baburan Sin masu araha a daidai wannan lokaci ya sa ana iya karɓar babur a hannun mai shi a riƙa kai masa balas kullum, ga shi kuma ba ta buƙatar takardar shaida ko wanda zai tsaya wa mutum a ofis. Akwai abin lura a cikin wannan, cewa ƙasar da atamfarta ta raba su da aiki ita ce kuma baburanta suka ba su abin yi, sai dai wannan mafaka ma ba ta ɗore ba, domin gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta acaba a cikin birni a 2014. A gidaje da yawa nauyin ciyarwa ya koma kan mata, masu suyar ƙosai da sayar da itace da gawayi da wankau da dafa burkutu a unguwannin da ake shan ta, alhali kasuwar da suka dogara da ita, wato ma'aikata masu albashi, ita ce ta watse.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta komawa gida. A bisa tsohuwar al'ada wanda birni ya ƙi shi yakan koma gona, kuma wasu sun koma ɗin, amma ga mutumin da ya bar ƙauye yana saurayi a shekarun 1970 komawar ba ta da sauƙi: gonar gado an raba ta ko 'yan'uwa suna nomanta, 'ya'yansa haifaffun Kaduna ne da wasunsu ba su iya harshen iyayensu sosai ba, kuma akwai kunyar komawa hannu rabbana ga dangin da suka saba ganin saƙonsa kowace Kirsimeti ko Sallah. Fiye da duk waɗannan akwai tsoron kada a biya kuɗin yana nesa. Duk lokacin da aka ji cewa gwamnonin Arewa sun kafa kwamiti, ko za a sayar da wani ɓangare na kadarorin kamfani, ko za a yi tantancewa, wato kowa ya zo da katin shaidarsa da takardar ɗaukarsa aiki a tabbatar da sunansa, sai wanda ya yi niyyar tafiya ya ɗage ta zuwa baɗi. Da haka mutane suka shafe shekaru suna jiran gawon shanu, suna biyan hayar birni ba tare da albashin birni ba, kuma shekarun da suka rage musu na ƙarfin noma suka ƙare a wannan zama. Rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya na Nuwamban 2002 sun ƙara dagula lissafin, domin sun raba birnin kusan gida biyu, Musulmi suka fi karkata arewacin kogi da unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci suka taru a kudu wajen Sabon Tasha da Television da Narayi, kuma akwai waɗanda suka rasa gida ko suka sayar da shi a wulaƙance a daidai lokacin da aikin ma yake kuɓuce musu. Masaƙun suna daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɓangarorin biyu suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa kullum a ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, kuma rufe su ya tafi da wannan ma.

Tsofaffin ma'aikatan masaƙun da ba a biya ba sun haɗu a gamayya guda, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da suka riƙe shi ne rubuta sunayen abokan aikinsu da suka rasu ba su karɓi haƙƙinsu ba. A kan irin wannan jerin sunaye ne Elisha Renne, masaniyar halayyar al'umma daga Jami'ar Michigan ta Amurka, ta gina littafinta mai suna Death and the Textile Industry in Nigeria, inda ta bi iyalan ma'aikatan KTL da suka mutu ta tattauna da matansu a kan jinya da jana'iza da matsuguni da karatun yara. Ga ƙabilun da al'adarsu ta wajabta kai gawa mahaifa, kuɗin mota da na akwati da na ajiyar gawa wani bashi ne sabo a kan iyalin da suka riga suka tsiyace, kuma zaɓin binne mutum a maƙabartar Kaduna ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Ga Musulmi kuwa jana'iza ba ta da tsada, amma giratutin da ba a biya ba yana cikin dukiyar mamaci, ga shi ba ya hannu balle a raba, saboda haka mace takan gama takaba ta wata huɗu da kwana goma, wani lokaci har ta sake aure, marayu su girma, rabon gadon bai kammala ba. A kowane hali matar mamaci ita ce take gadon zaman jiran, ita take adana katin shaidar mijinta da takardunsa, ita kuma take halartar taron gamayya a madadinsa.

Ta fuskar doka, gurbin da ma'aikatan suka faɗa cikinsa a bayyane yake. Nijeriya ba ta da inshorar rashin aiki, wato asusun da ake biyan wanda ya rasa aiki wani abu kowane wata har ya sami wani. Asusun tanadi na ƙasa da aka kafa a 1961 don ma'aikatan kamfanoni, da hukumar NSITF da ta gaje shi a farkon shekarun 1990, abin da suka tara wa kowane mutum bai taka kara ya karya ba bayan faɗuwar naira. Giratuti kuwa, wanda shi ne ainihin abin dogaro, alkawari ne kawai a littafin kamfani, ba kuɗi ne da aka ware aka ajiye a wani wuri ba, don haka ranar da kamfani ya durƙushe alkawarin yana shiga layi ɗaya da bashin banki da na wutar lantarki da na haraji, kuma bankin da yake riƙe da takardun fili da gini a matsayin jingina ya fi ma'aikaci ƙarfin hannu. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta magance wani ɓangare na wannan, domin ta wajabta a riƙa zuba kason ma'aikaci da na mai kamfani kowane wata a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin a hannun wani kamfani dabam, sannan gyaran da aka yi mata a 2014 ya rage zuwa wata huɗu lokacin da wanda ya rasa aiki, bai kuma sami wani ba, zai jira kafin ya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Dokar ta 2004 ta zo ne bayan KTL ta riga ta rufe, kuma ba ta waiwayi bashin da aka riga aka ci ba.

Gwamnatocin tarayya da suka biyo baya sun mai da hankali ne ga tayar da injuna fiye da sallamar mutane. Gwamnatin Obasanjo ta yi shelar asusun naira biliyan 70 don farfaɗo da masaƙu a ƙarshen wa'adinta, aka maye gurbinsa da na naira biliyan 100 a hannun Bankin Masana'antu, wanda da taimakonsa UNTL ta sake buɗewa a 2010 da ma'aikatan da ba su kai na da ba, sannan a 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje ta hanyar hukuma. Kuɗin asusun kuwa rance ne da ake bai wa kamfanin da yake da sauran numfashi, saboda haka babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai da aka tsara don biyan wanda masaƙarsa ta riga ta mutu. Adadin da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta daɗe tana nema a madadin ma'aikatan KTL kaɗai shi ne kimanin naira miliyan 687, kuɗin da bai fi ƙarfin jiha ɗaya ba balle jihohi 19 da suka mallaki kamfanin. A 2002, lokacin da dala ɗaya take kusan naira 120, wannan kuɗi ya haura dala miliyan 5. A canjin 2024, da dala ta wuce naira 1,500, bai kai dala rabin miliyan ba.